Tsuntsun da Ya Gagari Sojoji

'Yan'uwa manoma, a Faru kowa ya san labarin jimina, ko da bai taɓa ganinta ba. To, tana da wani ɗan'uwa a ƙasar Ostireliya, ana ce masa emu. Tsayinsa ya kai na dogon mutum. Ba ya tashi sama, amma a guje yakan yi kusan kilomita 50 cikin awa guda. Jimina yatsu biyu gare ta, shi kuwa uku. In mace ta saka ƙwai, namiji ne ke kwanci har wajen mako takwas, da kyar yake ci ko sha.

Babban halinsa shi ne bin ruwa da ɗanyen abinci, komai nisa. A 1932 emu wajen 20,000 suka faɗa gonakin alkama a yammacin Ostireliya, inda manoma suka tanadi ruwa. Gwamnati ta aika sojoji da bindigogi masu ruwan harsashi. Da an yi harbi sai tsuntsayen su watse ƙungiya ƙungiya. Aka ƙona harsashi kusan 10,000, ba a kashe fiye da tsuntsu dubu ba. Daga baya shingen waya ne ya fi taimako, domin tsuntsun da ba ya tashi, shinge yana tare shi.

Me ya kawo wannan labari? Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, gonakin rani na Talata Mafara da Bakura suna kore shar lokacin da daji ya bushe. Abin da ya jawo emu, shi ke jawo mana jan-baki. Shinge ba ya tare jan-baki, amma shi ma yana da halinsa. Yakan ci da sassafe da kuma la'asar, ya kwana wuri guda cikin babban taro.

Saboda haka muna ba kowace ƙungiya shawara uku. Mu yi shuka lokaci ɗaya, don kada gonar mutum guda ta nuna ita kaɗai ta zama akushin tsuntsaye. Mu raba tsaro safe da yamma. In mun gane makwancinsu, mu sanar da malamin gona da wuri. Sanin halin tsuntsu ya fi yawan harsashi.