Neman Ɗakin Kwana A Paris: Hattara Dai Ɗalibanmu Masu Digiri Na Biyu

Duk shekara in damina ta yi nisa, mukan ga 'ya'yanmu da suka sami gurbin karatun digiri na biyu ko na uku a Faransa suna ta kai da komowa a kan biza da tikitin jirgi. Maganar wurin kwana kuwa sai a bar ta sai an sauka, wai ai akwai ɗan garinmu a can. To a nan gizo ke saƙar.

A Paris mai gida ba ya ba da ɗaki don ya ga kuɗi a hannunka. Abin da zai fara tambaya shi ne: wa zai tsaya maka in ka kasa biya? Kuma akasari yana son mai tsayawar ya kasance yana ɗaukar albashi a Faransa. Uba ko kawu da ke Marwa, Damagaram ko Injamena, komai dukiyarsa, ba kasafai ake karɓarsa ba. Saboda haka muke jan hankalin ɗalibai ga shirin Visale da aka fara a 2016, wanda ke tsaya wa matasa 'yan shekara 18 zuwa 30 kyauta, har da baƙin ɗalibai masu bizar dogon zama. Ta intanet ake nema, kuma dole a same shi kafin a sa hannu a takardar haya.

Ɗakunan hukumar Crous sun fi araha, amma kimanin 175,000 ne a duk ƙasar, alhali ɗalibai sun doshi miliyan 3, kuma masu tallafin karatu ake fara ba. Baƙon da ya zo da kuɗin kansa sai ya jira ragowa.

Mu dai a ganinmu, ƙofar da ya kamata mai digiri na biyu ya fara ƙwanƙwasawa ita ce unguwar ɗalibai ta Cité internationale universitaire da ke kudancin birnin. An kafa ta a 1925, tana da gidaje sama da 40, kuma masu babban digiri da masu bincike take fifitawa. A cikinta ne gidan Lucien Paye yake, wanda aka buɗe a 1951 domin ɗaliban ƙasashen da Faransa ke mulka a lokacin, musamman na Afirka. Akwai ɗakin karatu da wurin cin abinci, ga tashar jirgin RER B a bakin ƙofa. Mai rubuta kundin bincike ya san darajar wannan. Sai dai masu nema sun fi ɗakunan yawa, don haka a cike takardu da wuri.

Wanda ya faɗa hannun masu gidajen haya, ya yi lissafi da kyau. A ɗakin da ke da kayan ɗaki, doka ta yarda a karɓi ajiyar da ba ta wuce hayar wata 2 ba. Misali, in haya Yuro 600 ce, ranar shiga za ka iya ajiye Yuro 1,800, wato sama da sefa miliyan 1 da jika 180, ban da inshorar gida da ita ma tilas ce. Ɗakin da bai kai murabba'in mita 9 ba, a ƙa'ida bai cancanci haya ba, ko da yake tsoffin ɗakunan 'yan aiki da ke can ƙololuwar bene, bayan gida a waje, ba su rasa masu so. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi kafin ka ga ɗaki ka sa hannu, guje shi; dokar ƙasar ma ta hana.

Sai batun ɗan garinmu. Sauka a wurinsa ba laifi ba ne, amma banki da ofishin sabunta takardar zama za su nemi shaidar adireshi. Ya rubuta maka takardar cewa a gidansa kake, ya haɗa da kwafin katin shaidarsa da takardar kuɗin wuta mai sunansa. In kuwa shi ma haya yake, yana karɓar kuɗi a wurinka ba tare da rubutacciyar yardar mai gida ba, ranar da asiri ya tonu ku biyu ne za ku nemi wurin kwana.