Duniyar da Kowa Ya Iya Ɗan Sihiri

A wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974, 'yan wasa kan ƙaga labari tare, kowa yana ɗaukar matsayin jarumi guda, kuma akwai ƙananan sihirce-sihirce da ake maimaitawa ba iyaka, kamar kunna haske da haɗe abin da ya yage. Da talakawan duniyar wannan wasa duka sun iya su, da mai man fitila ya rasa ciniki, tela ya bar faci, dare kuma ya zama lokacin aiki, inda lebura ne zai fi jin jiki. Duniyar Eberron ta wannan wasa, wadda Keith Baker ya ƙirƙira kuma ta fito a 2004, ta mayar da irin wannan sihiri sana'a, har masu yin sa ke kula da fitilun titi.