Ranar Karanta Sakamako: A Yabi Gwani, A Rufa Asirin Wanda Ya Faɗi

A ƙarshen kowane zangon karatu, makarantu da yawa, na boko da na Islamiyya, sukan tara yara a fili su karanta sakamakon jarrabawa tun daga na ɗaya har na ƙarshe. Waɗansu kuma sai su liƙa takardar a jikin bango. Na ɗaya a tafa masa, na ƙarshe kuwa 'yan ajinsu su raka shi gida da ihu. Daga wannan rana waɗansu yara ke soma fashin makaranta.

Yabon gwani ya zama dole, amma fa ba sai an tozarta wani ba. Aya ta 11 a cikin Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi, ba ta kuwa ware yara ba. Ibn Rajab, wanda ya rasu a shekara ta 795 bayan Hijira, har littafi ya wallafa a kan bambancin nasiha da aibatarwa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan gyara kuskure a gaban jama'a ba tare da ya kama sunan mai shi ba.

Ƙasar Singafo, wadda ta shahara da tsananin gasar jarrabawa, ta daina shelar sunayen zakarun jarrabawar gama firamare a shekarar 2012. A 2019 kuma ta cire matsayin yaro a aji daga cikin katin sakamako, domin yaro ya dubi ci gaban kansa.

Saboda haka a miƙa wa kowane yaro katinsa a hannu. A ba zakaru kyauta, a kuma ba wanda ya fi kowa matsawa gaba. Wanda ya faɗi, malami ya keɓe da shi da mahaifinsa a gano dalili. Sau da yawa yunwa ce, ko talla, ko idon da ba ya hango allo.

Iyaye kuma su tuna da Sibawaihi. An ruwaito cewa kuskuren nahawu ya yi a majalisin Hammad bn Salama a Basra, sai ya lizimci Halilu bn Ahmad har ya zama limamin fannin. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin.