Yadda wando ke tona asirin shekarun tsohuwar kwat ɗin Turawa

Tun bayan da BBC ta fara nuna shirin Peaky Blinders a 2013, sha'awar tsofaffin kwat na maza masu guda uku, wato riga da falmaran da wando, ta ƙaru a Birtaniya da wasu ƙasashe. Kowane mai sayarwa yana so a ce tasa ta kafin Yaƙin Duniya na Biyu ce, domin ta yi tsada. Sai dai masu tara irin waɗannan kaya ba sa bin bakin mai kaya. Suna ɗaga yadin su ji nauyinsa, sannan su juya wandon ciki waje, domin a nan ne shekarun kwat suka fi bayyana.

Wannan shiga ta samo asali ne daga watan Oktoban 1666, lokacin da Sarkin Ingila Charles na Biyu ya shigo da falmaran cikin tufafin fadarsa. Amma waɗanda ake samu a kasuwa yau galibi an ɗinka su ne tsakanin shekarun 1920 da 1970.

Nauyin yadi

Tsofaffin kwat na Ingila kusan duk da ulu aka yi su, kuma masu nauyi ne. Abu ne da aka saba gani yadi ɗaya ya kai oza 14 zuwa 18, yayin da yawancin kwat na yau ba sa wuce oza 8 zuwa 10. Dalili kuwa shi ne gidaje da ofisoshin wancan lokaci da wutar kwal ake ɗumama su, don haka tufafi ne ke tare sanyi. Nauyin yana sa wando ya sauka santal, karin gugarsa ya daɗe.

Yadi uku ne suka fi yawa. Akwai wustad, mai santsi da ƙarko, wanda ya samo sunansa daga ƙauyen Worstead da ke Norfolk, kuma shi ne na zuwa ofis. Akwai fulanel mai laushi, galibi ruwan toka. Sai tuwid mai kaushi, na zaman karkara. Mafi shahara a cikinsa shi ne Harris Tweed, wanda dokar 1993 ta ce sai wanda mazauna tsibiran Outer Hebrides na Sikotland suka saƙa da hannu a gidajensu ne zai amsa sunan.

Idan tambarin yadi ya nuna an gauraya ulu da Terylene, to kwat ɗin ba ta kafin yaƙi ba ce. A 1941 aka ƙirƙiro wannan zare a Ingila, kuma sai a shekarun 1950 ya shiga kasuwa sosai.

Abin da wando ke faɗa

Tsohon wando yana hawa har cibiya ko sama da ita, domin kada farar rigar ciki ta leƙo tsakaninsa da falmaran. Ba a ɗaure shi da bel, saboda bel yana tura falmaran gaba. Maimakon haka ana ɗinka maɓallai shida a ƙugu, inda ake maƙala igiyoyin da ke rataye wandon a kafaɗa. Sau da yawa bayan ƙugun yana tashi sama ya rabu biyu kamar jelar kifi, wani lokaci da ƙaramin maɗauri na ƙarfe don matse shi.

Gaban wandon ma shaida ne. A shekarun 1930 zif ya fara shiga wandon maza, amma telolin Ingila da dama sun ci gaba da sa maɓallai har shekarun 1950. Faɗin ƙafa kuma yana bin yayi: a tsakiyar shekarun 1920 ɗaliban Jami'ar Oxford sun yi tashen wando mai bakin ƙafa da ya haura inci 20, a shekarun 1930 tattara a gaba da naɗe bakin ƙafa zuwa sama suka zama ruwan dare, a shekarun 1960 wando ya tsuke ya sauko ƙasa da cibiya, sannan a shekarun 1970 ƙafar ta sake buɗewa.

Lokacin da yaƙi ya shiga shagon tela

A ranar 1 ga Yunin 1941 Birtaniya ta fara ƙayyade sayen tufafi da takardun rabo, tsarin da bai ƙare ba sai 1949. A 1942 gwamnati ta hana naɗe bakin ƙafar wando, ta rage yawan aljihu, domin tsimin yadi. Maza da yawa ba su ji daɗi ba, har wasu suka riƙa sayen wandon da ya fi su tsawo su naɗe shi a gida. Tufafin da aka ɗinka a ƙarƙashin shirin tsimi na gwamnati suna ɗauke da tambarin CC41, wanda ke cikin shaidu mafi ƙarfi da mai saye zai samu. A Amurka ma an hana naɗin ƙafa da tattara a 1942.

Kafin a biya kuɗi

Alama ɗaya ba ta isa hujja ba, tunda har gobe akwai telolin da ke ɗinka wando mai maɓallai. Sai an haɗa yadi da ƙugu da ƙafa a ga sun yi magana ɗaya. Kwat ɗin da tela ya ɗinka wa wani, irin ta titin Savile Row a Landan, yawanci tana da ɗan ƙyalle a aljihun ciki mai ɗauke da sunan mai ita da ranar ɗinki.

Wando ne ke fara mutuwa a cikin ukun, shi ya sa samun cikakkiyar kwat ke da wuya, kuma shi ya sa ake haɗa riga da wandon da ba nata ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a jera ukun a hasken rana a duba launi da saƙa, a kuma nemi hudar asu. Wanda ya ci karo da irinta a gwanjo a Kano ko Kaduna kuwa, ya tuna cewa don sanyin Ingila aka saƙa ta, sai dai ya ajiye ta zuwa hunturu.