Ƙaddara da Zaɓin Ɗan Adam: Tsohuwar Gardamar Kirista a Kan Ceto

Ran 13 ga Mayu 1619 aka fito da wani dattijo mai shekara 71 farfajiyar fadar gwamnati a birnin Heg na ƙasar Holan, aka fille masa kai a gaban jama'a. Sunansa Oldenbarnefelt, shi ne kuwa ya riƙe ragamar aikin mulkin ƙasar sama da shekara 30. Laifin da aka ɗora masa na siyasa ne, amma saiwar rikicin wata mas'ala ce ta tauhidi wadda ta girme shi da fiye da shekara dubu, watau shin Allah ne ya zaɓi waɗanda za su tsira tun fil'azal, ko kuwa mutum yana da ta cewa a cikin cetonsa.

Wajibi ne a fara tsai da ma'ana. Bahaushe yakan ambaci ƙaddara a kan arziki da talauci, da ciwo da ajali. Gardamar malaman Kirista ba ta kai wannan faɗi ba, a kan ceto kaɗai ta tsaya. Dukansu sun yarda Allah ya san kome, sun kuma yarda ceto ta wurin Almasihu yake. Inda suka rabu shi ne: wa ke fara motsi, Allah ko bawa? In kuwa Allah ya miƙa alherinsa, bawa yana iya ƙi? Kowane ɓangare yana da madogara a Littafi Mai Tsarki. Sura ta 9 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ta nuna an fifita Yakubu a kan Isuwa tun ba a haife su ba, ta kuma kwatanta Allah da maginin tukwane mai iko a kan yumɓunsa. Wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti kuwa ta nuna Allah yana so dukan mutane su tsira.

Wutar ta fara kamawa ne a farkon ƙarni na 5. Wani mai zuhudu daga Biritaniya, Felajiyus, ya zauna a birnin Rum, ya ga sakacin Kiristocin birnin, suna saɓo suna fakewa da raunin ɗan Adam. Hujjarsa mai sauƙi ce: Allah adali ba zai umarci mutum da abin da ya fi ƙarfinsa ba, tun da ya yi umarni, ashe mutum yana iyawa. Laifin Adamu a ganinsa mugun misali ne kurum, ba a gadonsa. Wanda ya tashi masa ɗan Afirka ne, Agustin, bishof na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau. Agustin ya ce faɗuwar Adamu ta lalata nufin mutum kansa, har ya zama yana zaɓe da son ransa, amma ransa ya riga ya karkata ga zunubi, kamar majinyacin da ke ƙin magani yana marmarin abin da ke cutarsa. Saboda haka ko bangaskiya ma kyauta ce daga Allah, yana ba wanda ya so. Taron Kartaj na 418 ya la'anci koyarwar Felajiyus. Taron Oranj na 529 ya tabbatar alherin Allah ne ke gaba, amma ya ƙi yarda an ƙaddara wani ga mugunta.

Da gyaran addini ya zo a ƙarni na 16 sai maganar ta farfaɗo. A 1524 Irasmus ya rubuta littafi yana kare ɗan abin da ya rage wa mutum na zaɓi, Luta ya mai da martani a 1525, ya kwatanta nufin mutum da dabbar hawa, wadda ko Allah ya hau ko Shaiɗan. Kalbin na Jeniba ya kai maganar ƙarshenta: Allah ya ƙaddara waɗansu ga rai madawwami, waɗansu ga hallaka, ba don ya hango ayyukansu ba, sai don nufinsa. Shi kansa bai ɓoye cewa abin yana da ban tsoro ba.

A cikin gidan Kalbin ɗin ne ɓarakar ta fito. Yakubu Arminiyus ya yi karatu a Jeniba a hannun Beza, magajin Kalbin, ya zama malamin tauhidi a jami'ar Laidin a 1603. Sau da yawa akan ɗauke shi tamkar Felajiyus na biyu, wannan kuwa rashin adalci ne. Arminiyus ya yarda mutum ba ya iya tashi da kansa, sai alheri ya riga shi. Abin da ya ƙi shi ne a ce alherin ba ya ƙiyuwa, domin a ganinsa in Allah ya ƙaddara hallakar mutum tun kafin ya yi laifi, to, an mai da Allah mafarin zunubi. Abokin aikinsa Gomarus ya amsa cewa in zaɓen Allah yana jiran bangaskiyar mutum, ceto ya koma lada ke nan, ya daina zama kyauta. Arminiyus ya rasu a 1609, a 1610 kuma almajiransa suka miƙa wa hukumar lardin Holan takardar koke mai batu biyar.

Daga nan magana ta bar ajin jami'a. Ƙasar ta ƙulla sulhun shekara 12 da Sifen a 1609, Oldenbarnefelt ne ya tsaya a kansa, Yarima Moris, shugaban soja, bai so ba. Oldenbarnefelt yana ganin hukuma ce ke da ikon tsare zaman lafiya a majami'a, a bar ɓangarorin biyu su zauna tare. Mabiya Gomarus suka ce hukuma ba ta da hurumin yanke abin da za a yi wa'azi. A 1617 lardin Holan ya ba birane izinin ɗaukar sojojin haya na kansu. Moris ya ɗauki wannan a matsayin tawaye, ya wargaza su, ya sa aka kama Oldenbarnefelt a watan Agusta 1618.

Babban taron majami'u ya zauna a garin Dort daga Nuwamba 1618 zuwa Mayu 1619, da wakilai daga Ingila da Jamus da Suwizalan. An kira mabiya Arminiyus ne a matsayin waɗanda ake tuhuma, da suka yi ta jayayya a kan tsarin zaman kuwa sai aka kore su a watan Janairu. Taron ya yanke cewa zaɓen Allah ba shi da sharaɗi, mutuwar Almasihu ta isa duniya duka amma zaɓaɓɓu take ceta, alheri yana sabunta zuciya har ta so, wanda aka zaɓa kuma ba zai ɓace ba. Mai karanta hukuncin zai ga damuwar limamai a ciki, ba taurin kai kaɗai ba. Suna so mai bi ya kwana da tabbacin cewa cetonsa ba ya rataye a kan ƙarfinsa na gobe, har sun sa aya ta musamman cewa iyaye masu tsoron Allah kada su yi shakkar ceton 'ya'yansu da suka mutu suna jarirai. Duk da haka an tuɓe limamai wajen 200. An yanke wa masanin shari'a Girotiyus ɗaurin rai da rai, sai a 1621 matarsa ta fitar da shi daga kurkuku a cikin akwatin littattafai.

Abin lura, Katolika sun sha irin wannan gardama a daidai lokacin, tsakanin 'yan Dominik da 'yan Jesuwit. Bayan shekaru ana zama a Rum, Fafaroma Bulus na 5 ya sallami kowa a 1607, ya hana su kafirta juna, bai yanke hukunci ba. Holan ma ta sassauta bayan rasuwar Moris a 1625, har mabiya Arminiyus suka buɗe makarantar limamai a Amsterdam a 1634. A Ingila ta ƙarni na 18 mas'alar ta raba aminai biyu, Wesli da Witfil, amma Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da abokinsa a 1770.

Rassan biyu duk sun iso Nijeriya. Majami'un Metodis sun gaji fahimtar Wesli, wadda ta bi sawun Arminiyus. Yohana Finstra kuwa, 'yar Amurka jikar mutanen Holan, ta iso a 1920 ta yi aiki a Lupwe kusa da Takum, majami'ar da ta tsiro daga aikin nan a ƙasar Taraba kuma tana cikin zuriyar Dort, haka ma majami'ar NKST ta ƙasar Tibi.