Na'ura Mai Bin Layi: Bayanin Aikinta Cikin Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

A garuruwa irin su Sorau da ke Ƙaramar Hukumar Maiha, kudu da Mubi a Jihar Adamawa, yara sun daɗe suna ƙera motocin wasa da kara da gwangwani. Abin da ya rage wa irin wannan mota shi ne ta ga hanya, ta kuma tuƙa kanta. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake haɗa 'yar motar da ke bin baƙin layi a kan farin daɓe, tare da nuna cewa Hausa, wadda al'ummun yankin Mubi suke cuɗanya da ita, za ta iya ɗaukar wannan bayani.

2.0 Sassan Na'ura

Na'urar tana da muhimman sassa uku: ido, da ƙwaƙwalwa, da ƙafafu. Idon yana aiki ne da hasken infared, wato ɓoyayyen hasken da idon ɗan Adam ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a Ingila a 1800. Kowane ido, kamar samfurin TCRT5000, ya ƙunshi ƙwai biyu: ɗaya yana harba hasken ƙasa, ɗayan yana karɓar wanda ya dawo. Farin wuri yakan maido da haske mai yawa, baƙi kuwa yakan shanye shi. Da wannan bambanci ne na'urar take rarrabe layi da daɓe.

Ƙwaƙwalwar ita ce ƙaramin allon kwamfuta irin Arduino, wanda aka fara yi a garin Ivrea na Italiya a 2005. Ƙafafun kuwa tayoyi ne biyu, kowace da injinta na lantarki. Da yake allon ba shi da ƙarfin juya inji kai tsaye, akan sanya wani allo, kamar L298N, tsakaninsa da injinan domin ya ba su wuta daga batir.

3.0 Sarrafa Tuƙi

Akan ɗaura idanu biyu a gaban motar, layi yana tsakaninsu. Muddin dukkansu suna ganin fari, sai ta miƙe. Idan na hagu ya ga baƙi, alama ce cewa motar ta kauce dama, saboda haka ƙwaƙwalwa za ta rage gudun tayar hagu har motar ta dawo. Haka abin yake ga na dama. Wasu maƙeran sukan sa sitiyari a tayoyin gaba, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Illar wannan tsari ita ce motar takan riƙa tangaɗi, domin gyara iri ɗaya take yi, ko kaucewar babba ce ko ƙarama. Mai huɗa da garmar shanu ya san maganin wannan: idan shanu sun ɗan kauce daga kunya, kaɗan yake karkato su, idan sun yi nisa, sai ya ƙara ƙarfi. A 1922 Nicolas Minorsky ya tsara wannan hikima cikin lissafi bayan ya nazarci matuƙan jiragen ruwa. Domin aiki da ita, akan jera idanu biyar ko fiye, ta yadda ƙwaƙwalwa za ta auna girman kaucewa, ta yi gyara daidai gwargwado.

4.0 Matsalolin Muhalli

Hasken rana yana ɗauke da infared mai yawa, don haka gwaji a tsakar gida yakan rikita idanun. Ya kamata a yi shi cikin ɗaki, a kuma kusantar da idanun ga daɓe da 'yan milimitoci. Ƙurar hunturu ma takan rufe ƙwayayen, sai an riƙa goge su.

5.0 Kammalawa

An ga cewa kalmomin gida, irin su ido da kunya da tangaɗi, sun wadatar wajen bayyana ginshiƙin aikin. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya share fage a fannin harshe da adabi. Fannin lantarki ma yana bukatar irinsa, kuma haɗin guiwar masana harshe da malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi zai iya samar da shi. Idan ba a yi haka ba, yaron da ya gwanance wajen ƙera motar kara zai tsaya nan, domin Ingilishi ya tare masa hanya.