Daga Zariya Zuwa Agege: Zanen da Ke Cikin Tarkacen Kasuwa

Duk wanda ya ratsa unguwar Hausawa ta Agege a birnin Ikko da maraice zai tarar da tarkace zube a bakin rumfuna: yankin fata daga wajen dukawa, guntayen zare daga wajen masu ɗinkin hula, fasassun ƙorai, da tsumman huhun goro. Mu dai shara muke ɗaukarsu, alhali kuwa da irin waɗannan kaya ne waɗansu gwanaye ke fito da zanen da ake rububinsa a ƙasashen waje.

Ɗaya daga cikin gwanayen nan shi ne Bruce Onobrakpeya, wanda ya kafa ɗakin aikinsa a Mushin, a kan hanyar da ta tashi daga tsakiyar Ikko zuwa Agege. An haife shi a 1932 a Agbarha-Otor ta ƙasar Urhobo, a Jihar Delta ta yanzu. A 1957 ya shiga kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can ne, cikin 1958, shi da abokansa, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane. Manufarsu ita ce su koyi dabarun Turawa, amma su nemi abin zanawa cikin al'adun gida.

Onobrakpeya bai tsaya ga fenti da buroshi ba. Yakan sassaƙa zane a kan allo, ya shimfiɗa fallen ƙarfe marar kauri a bisa, ya danna har zanen ya fito tudu da kwari, sa'an nan ya shafa launi. Daga baya ya shiga haɗa duwatsun ado da tsofaffin ƙarafan inji cikin aikinsa. A shekarun 1980, bayan farin da ya addabi ƙasashen bakin Hamada, ya yi jerin ayyuka a kan mutanen Sahel da adonsu. A 1990 aka nuna aikinsa a babban bajekolin zane na birnin Banis a Italiya.

To, ina darasi ga yaron Agege? Abin da wannan bawan Allah ya yi tafiyayya har Zariya ya tarar, shi yaron a gida ya gaje shi. Dagi da ke jikin bangon soro, da aska takwas da ke ƙirjin babbar riga, da zanen da ake yi wa ƙwarya da wuƙa mai zafi, duk nasa ne. Kayan aiki ma ba su da wuya. Ya sami allon katako, ya zana dagi da gawayi, ya bi layin da igiya ko zare yana liƙawa da ƙaro. Ya cike guraben da jar fata da ƙyallen saƙi da sakaina, ya yi launi da shuni da jar ƙasa da tawadar allo. Tun da yake adon Hausa galibi ba ya ɗauke da surar mutum ko dabba, iyaye ba su da abin ɗari-ɗari.

Sai dai a yi hattara, koyi daban, kwaikwayo daban. Wanda ya kwafi aikin Onobrakpeya bai fahimce shi ba, domin shi kansa ƙin kwafar Turawa ne ya fito da shi. Hanyarsa za a ɗauka, a zuba mata kayan gida.

Abin tsoro shi ne, keken ɗinki ya karɓe yawancin aikin allura, robobi sun kori ƙwarya, tsofaffin da suka san sunan kowane zane kuma suna ta ƙarewa. Ya kamata sarakunan Hausawa na Ikko da malaman makarantu su riƙa kai yara rumfunan masu sana'a, su zauna su tambaya tun masu amsawa na nan. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya sa mu gane darajar abin da ke hannunmu, amin.